Abin da ke ajiye a ƙashin Goggo

A hunturun da ya wuce goggona ta faɗi a tsakar gida, a wani ƙauye da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. Ba daga kan jaki ta faɗo ba, ba kuma babur ne ya yar da ita ba. Ta fito da buta kafin asuba za ta yi alwala, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a kan ƙugunta na hagu, shi ke nan ba ta sake miƙewa da ƙafafunta ba. Faɗuwa ce irin wadda yaro zai yi sau goma a wuni ya tashi ya karkaɗe riga. Ita kuwa ƙashin cinyarta ya karye can sama, daidai wuyan da ke shiga kwankwaso.

Aka kira maɗori kamar yadda aka saba, ya yi tofi, ya shafa, ya ɗaure. Ba na cikin masu raina maɗora, domin na ga karayar hannu da ta ƙwauri da suka ɗora ta warke sumul. Amma wuyan ƙashin cinya a binne yake cikin tsoka, karan ɗori ba ya kai wa gare shi. Sai da aka kwashe mako uku tana kwance, bayanta ya fara yin gyambo, sannan muka samu aka fito da ita zuwa wani asibiti a birni. Likita ya ɗaga hoton da aka ɗauka ya nuna mini. Ƙashin ya yi dishi-dishi kamar azarar da gara ta cinye ta ciki ta bar ɓawo. Ya tambayi shekarunta, da yawan haihuwarta, da lokacin da al'ada ta ɗauke mata. Bai tambayi irin aikin da ta yi a 2009 ba. Ni ma, duk da karatun da nake taƙama da shi, sai da muka kama hanyar dawowa tambayar ta faɗo mini.

Goggo dai ta riga ta yanke hukunci tun a gadon asibiti. Ta ce mini, “Ai gado ne, ɗan nan. Haka uwarmu ta ƙare a duƙe, haka yayarta. Ka daina wahalar da aljihunka.” Maganar nan ce ta sa na ajiye abin da na yi niyyar kawo wa masu karatu a wannan mako, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma akwai inda take rufe mana ido. (Roƙona ga masu tsara shafi: kada a ɗauke mini lanƙwasar ƙ a rubutun nan, in ba haka ba duk abin da na faɗa zai koma wata magana daban.)

Gaskiyar da ke cikinta ita ce ƙarfin ƙashi ana gadonsa. Binciken da aka daɗe ana yi a kan tagwaye ya nuna fiye da rabin bambancin kaurin ƙashi tsakanin mutum da mutum daga iyaye yake fitowa. Shi ya sa idan likita na son ƙiyasta haɗarin karaya ga tsoho, cikin tambayoyinsa akwai ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun taɓa karyewa a kwankwaso. Abin da masana suka shafe shekara 30 suna nema shi ne wace ƙwayar gado ce ke ɗauke da wannan rabo. Wadda aka fara ɗora wa ido kuwa ita ce ta makarɓar bitamin D.

Sai an fahimci aikin makarɓar nan kafin a gane dalilin zarginta. Ƙashi ba dutse ba ne da aka gina aka gama. Kullum ana rushe wani sashe nasa ana sake ginawa, har ya zamana kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ana sabunta su a kowace shekara. Tubalin ginin shi ne sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na abin da jiki ke da shi a ƙashi da haƙori yake. Kafin mutum ya kai shekara 30 gini ya fi rushewa yawa. Daga nan ma'auni ya fara karkata, kuma ga mace karkatar takan yi tsanani a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Kalsiyam daga abinci yake zuwa, amma hanji ba ya tsotsarsa da kyau sai da umarnin bitamin D. Idan babu bitamin ɗin, abin da hanji ke ɗauka bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam ɗin da aka ci ba. Idan ya wadata yakan kai 30 zuwa 40. Shi bitamin D fata ce ke ƙera shi idan hasken rana ya taɓa ta, hanta ta yi masa gyaran farko, ƙoda ta yi na biyu, sannan ya zama saƙon da ke iya aiki. To saƙon nan idan ya isa hanji ko ƙashi, sai ya sami wanda zai karɓe shi a cikin ƙwayar jiki. Wannan mai karɓa shi ake kira makarɓar bitamin D. Mabuɗi ne da kwaɗo: bitamin shi ne mabuɗin, makarɓa ita ce kwaɗon, kuma tsarin ƙirar kwaɗon a rubuce yake a cikin wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 12, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Rubutun nan ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Akwai wuraren da harafi guda ke bambanta tsakanin ni da kai, mai karatu. Masana sun laƙaba wa wuraren sunaye irin su BsmI da TaqI da ApaI da FokI, waɗanda asalinsu sunayen sinadaran da ake yanka zaren gado da su ne a ɗakin gwaji. A wurin da ake kira FokI, alal misali, bambancin harafin kan sa makarɓar wani ta fi ta wani gajarta kaɗan, kuma gajerar ta ɗan fi kuzari. Daga nan tunani ya tafi cewa mai sassauƙan kwaɗo zai tsufa da ƙashi mai ƙarfi, mai taurin kwaɗo kuma ya ƙare kamar Goggo.

A 1994 wasu masana na Cibiyar Garvan da ke birnin Sidni a Ostareliya, Nigel Morrison da John Eisman da abokan aikinsu, suka wallafa a mujallar Nature cewa bambancin makarɓar nan kaɗai zai iya bayyana har kashi 75 cikin 100 na abin da gado ke yi wa kaurin ƙashi. Duniyar likitanci ta ɗauka da zafi. Aka fara mafarkin ranar da za a ɗiga jinin yarinya a gaya mata ko za ta ranƙwafa a tsufanta. Ba a je ko'ina ba, a 1997, masu binciken da kansu suka fitar da gyara, suka amsa cewa an sami kuskure wajen tantance wasu samfuran, kuma tasirin bai kai yadda suka faɗa ba. A 2006 wani haɗin gwiwar cibiyoyin Turai ya tattara mutum fiye da 26,000 ya sake dubawa. Sakamakon ya kashe jikin mutane da yawa: waɗancan wurare huɗu ba su nuna wata alaƙa da kaurin ƙashi ko karaya ba. Wuri guda ne, mai suna Cdx2, ya nuna ɗan sassaucin haɗarin karayar ƙashin baya. Da aka zo 2019, binciken da ya yi amfani da mutum sama da 400,000 na taskar bayanan lafiya ta Birtaniya ya gano wurare 518 a cikin rubutun halitta da kowanne ke ba da ɗan gudummawarsa ga kaurin ƙashi. Ashe gadon da Goggo ke magana ba gona guda ba ce da za a nuna iyakarta, tarin 'yan ƙananan kadarori ne a warwatse.

Nakan ba ɗalibaina wannan labari idan na ga sun fara rantsuwa da duk abin da aka buga a babbar mujalla. Amma yau wani abu daban nake so mai karatu ya lura da shi. Dubban mutanen da aka auna ɗin nan kusan dukkansu Turawa ne. Wani nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka sa a irin waɗannan manyan bincike na ƙwayoyin gado 'yan asalin Turai ne, masu tsatson Afirka kuwa ba su wuce kashi 3 ba. Alhali nau'in Cdx2 ɗin nan da ake ganin yana ɗan kare ƙashi, mafi yawan baƙar fata suna ɗauke da shi, Turawa kuwa ƙalilan ne. Kuma Baturiyar da aka auna ta girma ne tana shan madara tana cin cuku. Kwaɗon da bai nuna bambanci ba a gidan da kalsiyam ya wadata, ba dole ne ya yi shiru a gidan da ake ƙarancinsa ba.

Muna da hujja a kan haka daga nan cikin gida. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi shekaru suna duba yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe, masu gwame da masu ƙafar baka. A littattafan Turai dalilin wannan ciwo guda ne, rashin bitamin D saboda rashin rana. To yaya za a ce yaron da ke wuni a rana a Filato ya rasa rana? A 1999 suka wallafa gwajin da suka yi a kan yara 123, inda aka ga abincin yaran bai ba su fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai warkewa. Shekara guda bayan haka suka duba makarɓar bitamin D ta yaran. Abin mamaki, nau'in FokI da ake cewa ya fi kuzari shi ya fi yawa a cikin yara masu ciwon, akasin abin da lissafin ɗakin gwaji ya sa aka zata. Ga kuma Gambiya, inda masu bincike a ƙauyen Keneba suka ba mata masu ciki ƙarin kalsiyam mai yawa da kyakkyawar niyya, daga baya aka tarar ƙashinsu ya fi na waɗanda ba a ba su ba raguwa a lokacin shayarwa. Jikin da ya saba da kaɗan yana da nasa dabarun tattali, kuma wanda bai auna shi ba kada ya yi saurin yi masa fatawa.

Wannan duk ya shafi tsoffin Arewa baki ɗaya. Amma tsoffin Anka da Bukkuyum suna ɗauke da wani kaya na daban, kuma shi ne tambayar da ba a yi wa Goggo ba.

Masu karatu za su tuna watan Maris na 2010, lokacin da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau suka ji labarin yara na ta mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Zamfara, maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Farashin zinare ya haura dala 1,000 a kasuwar duniya a lokacin, manoma suka koma haƙa, kuma dutsen da ake haƙowa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, a daka a turmi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ɗakuna da rijiyoyi da kwanukan abinci. A Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, jami'an hukumar CDC ta Amurka da takwarorinsu na Nijeriya sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, suka tarar 118 daga cikinsu sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da ma'aunin Amurka na filin da yara ke wasa 400 ne. Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji, Tungar Guru, duk abin ya shafe su. An ƙiyasta yara fiye da 400 ne suka mutu. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan matasa sun yi ta kururuwa kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. MSF ta ci gaba da jinyar yara har farkon 2022, sannan ta miƙa aikin ga hukumomin jihar.

An fifita yara 'yan ƙasa da shekara 5 wajen gwaji da maganin wanke jini, kuma daidai aka yi. Su ke mutuwa, hanjinsu na tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na baligi, ƙwaƙwalwarsu kuma tana kan ginuwa. Ba ni da ja a kan wannan. Amma wa ya riƙe taɓarya? A gidaje da yawa matan aure ne da ke cikin kulle suka karɓi aikin daka da wanki da shanya, ana biyansu, domin sana'a ce da ta shigo har tsakar gida ta same su. Goggo na cikinsu. Da na tambaye ta, ta yi dariya duk da ciwo, ta ce, “Dutsen da munka daka a shekara biyun nan, ko gero ba mu daka kamarsa ba.” Ba a taɓa ɗibar jininta ba ko sau ɗaya. Ba ta yi jijjiga ba, ba ta suma ba, saboda haka kowa ya ɗauka ta tsira, har ita kanta.

Ga abin da ilimin jiki ya tabbatar. Jiki ba ya bambanta dalma da kalsiyam sosai. Ta ƙofar da kalsiyam ke shiga hanji take bi, kuma inda ake ajiye shi nan ake ajiye ta. A jini ba ta daɗewa, cikin wata guda ko ɗan fiye rabinta ya ragu. Amma ba ficewa duka take yi ba, ƙashi take komawa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ke jikin baligi a ƙasusuwansa take, kuma a can sai ta shekara 10, 20 ko fiye kafin rabinta ya tafi. Tana nan kwance muddin ginin bai motsa ba. Ranar da jiki ya fara rushe ƙashi don ya ɗebi kalsiyam, da ita ake fitowa. Wannan na faruwa a lokacin goyon ciki, da shayarwa, da doguwar kwanciyar jinya, da kuma bayan ɗaukewar al'ada. Tun 1988 Ellen Silbergeld da abokan aikinta suka nuna daga ƙididdigar lafiyar Amurkawa cewa dalmar jinin mata takan ƙaru bayan al'ada ta ɗauke, ba don sun sake shaƙar wata sabuwa ba, sai don tsohuwar ajiya ta buɗe. Matar da ke da shekara 40 tana dakan dutse a Abare a 2010, yanzu ta haura 50. Lokacinta ke nan.

Idan dalmar ta dawo jini, ayyukanta a jikin babba sanannu ne: hawan jini, lalacewar ƙoda, ciwon gaɓoɓi, mantuwa da raunin jijiyoyi. Duk cikinsu babu wanda za a ga tsohuwa da shi a ƙauye a yi mamaki. Tsufa ne, za a ce. Kuma abin yana zagayowa ya ciji kansa, domin dalma na hana ƙoda yi wa bitamin D gyaran ƙarshe, tana kuma rage kuzarin ƙwayoyin da ke gina ƙashi da masu ɗinke karaya. Ƙashi ya zaizaye ya saki dalma, dalma ta raunana ƙoda, ƙoda ta gaza kammala bitamin, hanji ya gaza ɗaukar kalsiyam, jiki ya koma ya ƙara rushe ƙashi.

A nan ne maganar makarɓa ta dawo da wani nauyi da ba ta da shi a Turai. Tun da ita ce ke riƙe da ƙofar kalsiyam, ita ce kuma ke riƙe da ƙofar dalma. A shekarar 2000 Brian Schwartz na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa na Koriya ta Kudu sun auna ma'aikatan masana'antun dalma kusan 800, suka ga masu ɗauke da wani nau'i na BsmI sun fi sauran tara dalma a jini da ƙashin ƙwauri. Bambancin ba mai girma ba ne, kuma ba zan maimaita kuskuren 1994 in ce harafi guda ne ke raba mai rabo da marar rabo ba. Amma ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. Kishiyoyi biyu sun yi daka a turmi ɗaya, sun shaƙi ƙura ɗaya, sun ci tuwo ɗaya, yau ɗaya na zuwa gona ɗaya na kwance. Idan akwai wuri a duniya da ya dace a bi diddigin yadda gado da abinci da guba ke haɗuwa a ƙashin tsoho, to tsakanin Anka da Bukkuyum ne, ga kuma ƙauyukan Gummi da ba su yi dakan dutse ba, masu abinci iri ɗaya da jini kusan ɗaya, waɗanda za a iya gwada su da su.

Wannan aiki namu ne, mu malaman jami'a, kuma ina faɗa da kunya. Muna da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta a Sakkwato, ga Jami'ar Tarayya da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga Ahmadu Bello a Zariya, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kowace shekara muna sa ɗaliban digiri na biyu da na uku su raba takardun tambayoyi a kan abin da aka riga aka sani, don a samu a cika sharaɗin ƙarin girma. Tantance waɗannan nau'o'i na makarɓa ba wani sihiri ba ne, dabara ce ta shekarun 1990 da ɗakin gwaji mai matsakaicin kaya zai iya yi. Awon dalmar jini kuwa da 'yar na'urar tafi-da-gidanka aka yi shi a ƙauyukan nan tun 2010. Abin da ya fi wuya shi ne haƙurin bin mata ɗari biyar ko dubu shekara bayan shekara, a rubuta wadda ta karye da wadda ƙodarta ta gaza. Na san za a ce hanya ba ta biyuwa, kuma gaskiya ne. Sai dai rashin tsaron da kansa ya taro mutanen ƙauyuka da dama cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ma'aikacin lafiya zai iya isa gare su.

Rashin tsaron nan ma ya shiga ƙashi ta wata hanya da ba a cika lissafawa ba. Abincinmu na gero da dawa da masara ba shi da kalsiyam mai yawa, kuma dusarsa na ɗauke da sinadarin da ke riƙe ɗan abin da ke akwai ya hana hanji ɗauka. Abin da ke cike giɓin tun kaka da kakanni shi ne nonon da ake dama fura da shi, sai miyar kuka, da zogale, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Satar shanu ta watsa rugage, nono ya yi tsada ko ya ɓace daga kasuwannin ƙauye. Tsohuwa kuma ita ce ta ƙarshe a layin ƙwarya, sai ta ga jikoki sun sha. Ciki marar kalsiyam da ƙarfen jini ya fi tsotsar dalma, ga shi kuma gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara a 2019 tun watan Disamba na 2024, alhali ko a lokacin haramcin turame ba su huta ba.

Rana ma da muke ganin mun fi kowa, ba kowa ke samunta ba. Fatar mai shekara 70 ba ta ƙera ko rabin bitamin D da ta saurayi ke ƙerawa, baƙar fata kuma ta fi fara buƙatar daɗewa a rana. Tsohuwar da ƙafa ta fara yi wa nauyi takan wuni a ɗaki ko a inuwar zaure, lulluɓe. Ba na ce a je a sayo kwalaben bitamin a kemis ba. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2022, mai mutum kusan 26,000, ya nuna ƙarin bitamin D bai rage karaya ba ga mutanen da dama ba su da ƙarancinsa. Wanda likita ya auna ya ga yana da ƙaranci, wannan daban. Ga sauran, fitar da tsohuwa tsakar gida da hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe, cikin sirrin gidanta, da ware mata nata kason nono, da gyara santsin makewayi, da fitilar da za ta fita da ita da asuba, sun fi kwalba amfani. Shi kuma wanda ke tallata gwajin ƙwayoyin gado a intanet da alkawarin zai gaya maka makomar ƙashinka, a kan ma'aunin Turawa ya gina lissafinsa, ma'aunin da ko su bai yi wa aiki ba.

Abin da nake roƙon likitoci da ma'aikatan jinya na yankin nan bai kai wannan tsada ba. Idan dattijo ko dattijuwa daga ƙauyukan nan ta zo da karaya daga 'yar faɗuwa, ko hawan jinin da ya ƙi jin magani, ko ƙodar da ke gazawa babu ciwon suga, a ƙara tambaya guda a kan waɗanda aka saba: an taɓa dakan dutsen zinare a gidanku? A rubuta amsar a kati. Maɗora ma a jawo su a jiki, don su ke fara ganin karaya kafin kowa, kuma idan sun gane cewa tsohon da ya faɗi ya kasa taka ƙafa na asibiti ne a ranar, ba bayan mako uku ba, rayuka za su tsira. Karayar kwankwaso ba ƙashin kaɗai take kashewa ba, kwanciyar ce ke jawo gyambo da ciwon huhu da daskarewar jini.

An yi wa Goggo aiki, an sa mata ƙarfe. Tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa bakin murhu. Na nemi a auna dalmar jininta, aka ce sai an aika samfurin wani gari, kuma har na baro ba a kai ga haɗa wanda zai tafi da shi ba. Ranar da zan dawo na same ta a bakin ƙofa tana shan hantsi kamar yadda na roƙa, tana zizara kwalli, irin na dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a gida. Irinsa ne hukumar CDC ta ba da rahotonsa a 2012, bayan an sami wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da gubar dalma, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. A gefenta jikarta ce zaune, wadda aka yi wa wankin jini tana 'yar shekara uku, yanzu an sa ranar aurenta bayan girbi. Na karɓi tandun kwallin na sa a aljihu, na ce zan kawo mata wani daga birni. Goggo ta dube ni ta ce da shi aka yi wa uwarta kwalliyar aure, in ajiye mata abinta.